Gurun Da Mace Ba Ta Taɓawa

A gidanmu na Jambutu, a Garwa, akwai wani guru da ya daɗe rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakin Baba. Ɗamara ce ta jar fata mai kauri, an ɗinke layu bakwai a cikinta, kowace ta yi tudu. Kakanmu ne ya zo da shi a ƙugunsa daga Kano, lokacin da ya biyo fataken goro ya sauka a bakin Binuwai, bai sake komawa ba. An ce wanda ya ɗaura shi ƙarfe ba ya cin sa, wuƙa ce ko harsashi. Dokarsa biyu ce. Babban ɗa namiji ne yake gadonsa. Sannan hannun mace ba ya taɓa shi. In ta taɓa ya mutu, ya koma fata kawai irin wadda ake yin takalmi da ita.

Babban ɗan nan ni ne. Sunana Ilyasu, sunan kakan aka mayar mini, shi ya sa Baba ba ya kama sunan, sai dai ya ce Ɗanmalam. Atamfa nake sayarwa a shagon Baba a babbar kasuwa. Tafiya mafi nisa da na taɓa yi Ngaundare ce, ita ma amai na yi ta yi a mota har aka bar mini kujerar bakin taga. Amma ba labarina na zo bayarwa ba. Labarin ƙanwata Hindu ne, wadda har yau in baƙo ya tambaye ni aikinta sai na ɗan yi tari kafin in amsa.

Shekara biyar na ba ta. Tun tana ƙarama take harbo mangwaro da danƙo daga reshen da ni ko da jifa ba na kaiwa, jarka biyu take ɗaukowa daga famfo ba ta ajiyewa a hanya. Da fitsararriya ce da abin ya zo mana da sauƙi, mu ce dama can haka take. To ba haka ba ne. Duk gidan babu mai durƙusawa har ƙasa in zai gaida Baba kamar Hindu, mayafinta kuma ba ya zamewa daga kanta. Ƙawarta ɗaya ce, Micheline, 'yar Zacharie, wani tsohon soja mutumin duwatsun Mokolo da yake haya gida biyu daga namu. A titi Fulatanci suke yi, a makaranta Faransanci, in sun shigo gidanmu su juya Hausa. Micheline ta ci tuwon Dada, mahaifiyarmu, fiye da yadda ta ci na gidansu, kuma ta san dokar gurun nan kamar yadda muka san ta.

Sau biyu Hindu ta zauna jarrabawar gama lise, wato sakandare, ba ta haye ba. A shekarar 2010 aka buɗe kwankur, wato jarrabawar ɗaukar soja, maza da mata. Ta je ta durƙusa gaban Baba ta ce gwamnati tana ɗaukar ma'aikata.

"Wane irin aiki?" in ji Baba.

"Na bariki ne, Baba."

"Ofis ke nan?"

"Akwai ofis a ciki."

Ba ta yi ƙarya ba, akwai ofis a ciki. Baba da kansa ya kai takardunta aka buga musu hatimi. Ni na san abin da ake ciki, don na sha ganin su ita da Micheline suna zagaye filin ƙwallo a guje da sassafe. Na yi shiru, na ce a raina wa zai ɗauki Hindu soja. Suka ɗauke ta, har da Micheline.

Shekara huɗu Baba yana gaya wa abokansa a majalisar ƙofar gida cewa 'yarsa sakatare ce a bariki, takardu take bugawa. In ta samu hutu, gidan Zacharie take fara biyawa ta tuɓe kaki, ta ɗaura zani ta yafa mayafi, sannan ta shigo. Dada ta sani. Duk unguwa ta sani. Ina jin Baba ma ya sani, kawai dai ba a taɓa ajiye masa maganar a gabansa ba, shi kuma bai je nema ba.

Da yaƙin Boko Haram ya tsallako iyaka, hanyar arewa ta cika da shingaye. Wata ranar kasuwar Gidar muka hau mota ni da Baba da amininsa Malum, wani dattijon Bafulatani mai bakin tsiya. Mun wuce Pitowa kaɗan aka tsayar da mu. Kowa ya sauka, katin shaida a hannu, aka jera layi. Sojan da yake karɓar kati ya sa hular ƙarfe, ga bindiga a ƙirji. Sai da muka matso na ga hancin gidanmu a ƙarƙashin hular.

Baba ne a gabana. Hindu ta gan shi. Na ga gwiwarta ta fara lanƙwasa za ta durƙusa, sai ta tuna sajensu yana tsaye a bayanta, ta miƙe. Ta miƙo hannu. Baba ya tsaya yana kallon hannun, can ya ɗora mata katinsa. Ta duba hoton, ta ɗago ta duba fuskarsa, wai tana tabbatarwa shi ne.

"Allez-y, Alhaji," ta ce da Faransanci, wato ya wuce. Sannan ƙasa-ƙasa ta ƙara, "A sauka lafiya, Baba."

Baba ya ce, "Useko," godiyar da yake yi wa kowane soja da Fulatanci, ya wuce.

Da muka koma mota muka yi nisa, Malum ya gyara hula ya ce, "Alhaji, ofishin nan nata ba a yi masa rufi ba."

Na zaci ranar gidan zai kama da wuta. Babu abin da ya faru. Bai yi mata faɗa ba, bai kira ta a waya ba. Sai bayan kwana uku, muna shago ina ninke turmi, ya ce, "Ɗanmalam, a wurin nan, wa ya kamata ya fara gaida wani?" Na yi ta juya tambayar ban samo bakinta ba. 'Yarsa ce, ita ya kamata ta fara. Hukuma ce, mu ya kamata mu fara. Na ce ban sani ba, shi ma ya ce bai sani ba, muka ci gaba da ninki. Daga ranar ya daina cewa sakatare ce, amma bai sa wata kalma a gurbin ba. In an tambaye shi sai ya ce tana nan lafiya.

A watan Maris na 2016, tsakiyar zafin Garwa da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, aka ba ta hutun kwana biyu. Muna cin abincin rana a gindin dalbejiyar tsakar gida ta faɗa mana an tura rukuninsu Mokolo. Rakiyar motoci za su riƙa yi zuwa ƙauyukan bakin iyaka, ita ce kuma za ta zauna bayan babbar bindigar da ake kafawa a kan mota.

Raina ya ɓaci, na ce, "Maza sun ƙare ne a sojan?"

"Suna nan, Yaya, tare za mu tafi. Horo ɗaya aka yi mana, a harbi ma na fi da yawansu. Yanzu da aka zo wurin wuta in ce ni mace ce?"

Tsoro nake ji, kunya nake ji, kuma can ƙasa akwai wani alfahari da ban so a gane ba. Ta juya wajen Baba ta ce ba ta zo neman ya so aikin ba, albarka kawai take so ya sa mata. Baba yana kallon kwanonsa. Sai Dada, wadda ba ta cika sa baki ba in maza suna magana, ta ce, "Alhaji, ga gurun can a rataye."

Ku sani gurun nan ba abin wasa ba ne a wurin Baba. A 2003 zargina, masu tare hanya, sun buɗe wa motarsu wuta a hanyar Tuboro. Direba ya mutu nan take, wanda yake kusa da Baba ya rasa hannu, harsashi ya huda hannun rigar Baba wuri uku bai ko ƙwarzane shi ba. Yana ɗaure da gurun. Rigar tana nan a akwati, ya nuna mana ita ya fi sau ɗari. Saboda haka abin da Dada ta roƙa ba fata ba ce. In ya ba Hindu gurun, ya yarda ke nan cewa ita ce mai fita gaban ƙarfe a gidan nan. In kuma ta taɓa shi ya mutu, ya aika 'yarsa da matacciyar fata tana tsammanin tana da tsari.

Washegari ya wuni yana yawon shawara, ni ina biye da shi. Malum ya ce kada ya kuskura, tana taɓawa ya tashi aiki, an yi asarar abin kakanni a banza. Matashin limamin masallacinmu ya ce guru da laya duk shirka ne, a ƙona shi, kuma ma me ya kai mace yaƙi. Baba ya tambaye shi ko ba a taɓa yi ba. Liman ya ce to, an samu matan da suka fita zamanin sahabbai, amma wannan magana ce mai tsawo. Muka fito Baba ya fi shiga duhu. Zacharie muka tarar yana gyaran keke. Shi ma Micheline tana cikin masu tafiya.

"Alhaji, ni safa ƙafa shida na saya mata da ɗan gicciye," ya ce da Hausarsa ta mutanen dutse. "Abin da nake da shi ke nan. In kana da wanda ya fi, ba ta."

A hanyar komawa Baba ya tsaya ya dube ni. "Naka ne, Ɗanmalam. Kai me ka ce?"

Nan ne wurin da ba na son tunawa. Na ce, "Baba, in ta taɓa ya mutu. Ita ba ta samu ba, ni ban samu ba." Maganar ta yi kama da hankali, shi ya sa na faɗe ta. Gaskiyar ita ce ban ma tabbata na yarda da gurun ba. Bayan limamin nan nake salla kullum, ina gyaɗa kai in yana wa'azi. Amma shi ne abu ɗaya a gidan da yake cewa ni ne babba. Ƙanwata ta riga ta fi ni ƙarfi, ta fi ni zuciya, ta fi ni sanin duniya. Na ji ba zan iya barin ta ta haɗa da wannan ba.

Ranar tafiya ba ta biya gidan Zacharie ba. Da kakinta ta fito daga ɗakin Dada, karo na farko a cikin gidan, ta durƙusa a ƙofar ɗakin Baba da takalman nan masu nauyi. Baba yana tsaye daga ciki. Na ga hannunsa ya tafi bayan ƙofa, ya daɗe a can, sannan ya dawo babu komai. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Abin da yake gaya wa direban da ya kawo mana kaya ke nan. Hindu ta ce amin. Ba ta kalli ƙofar ba. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Da yamma na lura rigar Baba ta yi tudu a ƙugu. Ya ɗaura gurun. Dabarar da ya ɓullo da ita ke nan: tunda jininsa ne a jikinta, in shi ya ɗaura, tsarin zai bi jinin ya same ta a Mokolo. Ban san inda ya samo wannan ba, ba na jin shi ma ya sani. Kwana tara yana ɗaure da shi a cikin zafin nan, ƙugunsa duk ya feso da ƙuraje, yana tafiya yana sosawa a ɓoye.

A rana ta tara rediyo ta ce an kai wa ayarin soja hari a wajen Mokolo. Wayar Hindu ba ta shiga. Muka zauna a gindin dalbejiya tun hantsi kowa yana kallon wayar da ke kan tabarma. Sai bayan azahar ta kira, ta ce tana lafiya, amma mutum biyu a motar gabansu sun rasu. Ba ta daɗe ba ta kashe.

Baba ya yi hamdala, ya kwance gurun ya ɗora a cinyarsa yana shafawa. "Ka gani ko, Ɗanmalam? Ya kai. Duba nan. Ya haura shekara tamanin, ko tsaga ɗaya babu, laushi kamar jiya aka jeme shi. Fatar banza za ta yi haka a zafin Garwa?"

Dada tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ba za ta yi ba. Sai an shafa mata mai."

Baba ya juyo.

"Duk farkon rani nake sauke shi in kana kasuwa, in shafa masa man kaɗanya, in bar shi ya sha, in goge in mayar. Shekara talatin da biyu ke nan. Mahaifiyarka ce ta koya mini, satin da aka kawo ni gidan nan. Ita ma haka ta yi ta yi wa mahaifinka. Ta ce in aka bar wa maza, shekara uku ba zai yi ba zai kakkarye."

"Da hannunki?"

"Da me zan shafa, Alhaji?"

Baba ya ce, "Har kafin Tuboro?"

"Kwana biyu kafin ka tafi. Ka ma yi mini faɗa a kan maiƙon da ka gani a rigarka, na ce na miya ne."

"To me ya hana ki faɗa ran da take nan?"

Sai lokacin ta ajiye gyaɗar. Idonta ya kawo ruwa. "Tsoro. Abin da na ɓoye shekara talatin ba ya fita a wuni ɗaya. Kuma na zaci za ka ba ta ko ban faɗa ba."

Ban taɓa ganin Baba a irin halin da ya shiga ba. Ya yi ta lissafi da yatsu yana magana shi kaɗai. In dokar gaskiya ce, gurun ya mutu tun kafin a haife shi. To me ya tsare shi a Tuboro? In bai mutu ba, dokar ce ƙarya. To wa ya kafa ta, kuma don me? Ko kuwa hannun matan ne ma yake raya shi? Ya tambaye ni. Ni da na tsaya kai da fata a kan dokar don in ci gado, me zan ce? Na sunkuyar da kai ina jin kamar ƙasa ta tsage.

Da gari ya waye ya ce in rufe shago, Mokolo za mu. Muka kwana a Marwa gidan wani ɗan uwansa, da safe muka kama hanyar dutse. Na yi amai sau biyu. Baba bai yarda ya sa gurun a jaka ba, ya ce abin kakanni ba a jefa shi saman mota tare da buhunan albasa. A ƙugunsa ya ɗaura, ƙarƙashin babbar riga. Mu biyu, manya da hankalinmu, babu wanda ya tuna wane zamani muke ciki. A watannin nan masu ɗaura bam a ciki suna tayarwa a kasuwanni sun hana yankin barci.

A shingen ƙarshe kafin Mokolo ba kati ake fara dubawa ba. Daga nesa ake tsayar da mutum, a ce ya ɗage rigarsa a ga cikinsa. Na ɗage tawa na wuce. Baba ya tattare babbar riga ya ɗage. Ga ɗamara mai kauri da tudu bakwai a jere.

Sojan da ke gaba ya yi tsawa da Faransanci, bindigogi uku suka juyo lokaci ɗaya. Fasinjoji suka watse, wasu suka faɗa rami. Wani soja ya danne ni ƙasa da gwiwa. Baba ya rage shi kaɗai a tsakiyar kwalta, hannu ɗaya riƙe da riga, ɗaya a sama, yana bayani da Hausa, yana juyawa Fulatanci. Sojan mutumin kudu ne, ba ya jin ko ɗaya. Ina ƙasa bakina cike da ƙura ina cewa, "Gri-gri, chef, gri-gri," wato laya ce, babu mai saurarona. Na ji ƙarar da bindiga take yi in an ɗana ta. Na ce shi ke nan, gurun da ya tsare shi daga zargina shi zai sa sojan ƙasarsa su harbe shi.

Sai na ji muryar mace daga bayan buhunan yashi tana magana da sauri da Faransanci. Ta fito, ta rataya bindigarta a baya, ta taka kwaltar nan ita kaɗai har gaban Baba. Micheline ce.

"Baba Alhaji, ni ce. Kada ka sauke hannu da sauri. Kwance shi a hankali, suna kallo."

Baba ya kwance shi a hankali. Micheline ta dubi gurun, na ga ta gane shi. Ta miƙa hannu, sai ta janye. Ta cire hular ƙarfenta ta juya ta kamar kwano ta tara masa. "Sa a nan, Baba. Ba zan taɓa ba."

Baba ya dubi hular, ya dubi yarinyar da ta girma a tsakar gidansa, yanzu ga ta tsaye tsakaninsa da bakin bindiga da kanta a buɗe.

"Mayar da hularki, 'yata," ya ce. "Karɓa da hannunki. Ki kai wa 'yar uwarki, ki ce in ji ni ta ɗaura."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta ɗaga shi sama ta lanƙwasa don sauran su ga fata ce. Sajensu ya zazzage mu da faɗa na kusan rabin awa, rabinsa ban ji ba, rabin da na ji kuwa mun cancanta. Hindu ba ta nan, sun fita rakiya sai bayan kwana biyu, kuma ba a barin farar hula su jira. Muka juyo a motar da ta kawo mu ba mu gan ta ba.

Wata takwas bayan haka motarsu ta taka nakiya. Su huɗu ne a ciki. Ɗaya ya rasu, Hindu ta tashi da gwiwar dama a farfashe. Ta yi wata biyu a asibiti kafin a kawo ta gida. Kafin ta iso, majalisar ƙofar gida ta rabu biyu. Wasu suka ce gurun ne ya tsare ranta. Malum ya ce da bai mutu ba ai da ko gwiwar ba ta taɓu ba. Liman ya ce kwananta ne bai ƙare ba. Kowa na saurara sai in ji kamar shi ne mai gaskiya.

Ta shigo da sanda, ta rame, ta yi baƙi. Baba yana zaune a kan buzunsa a ƙofar ɗaki. Ta dogara har gabansa, ta jingine sandar a bango, ta yi niyyar durƙusawa yadda ta saba. Gwiwar ta ƙi. Ta sake gwadawa, zufa ta keto mata. Ta tsaya a tsaye a kansa, ba ta san yadda za ta yi ba, don ba a gaida Baba daga tsaye a gidanmu.

Baba ya dafa ƙasa ya miƙe. Ya gyara rigarsa. Ya ce, "Sannu da zuwa. Sannu da aiki. Allah ya yi miki albarka."

Hindu, wadda aka ce ko a asibiti ba a ji kukanta ba, ta rufe fuska da mayafi.

Da aka natsu na matsa kusa da ita na tambaye ta ko tana ɗaure da shi ranar. Ta ce tana ɗaure. Ya yi mata yawa, sai da wani baduku a Mokolo ya ƙara masa huji biyu. Na ce to ya yi aiki ko bai yi ba? Ta ce, "Yaya, ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan." Ta buɗe jaka ta ciro shi, ya yi duhu da zufa, ta miƙo mini. "Ga kayanka."

Na miƙa hannu. Wallahi na miƙa, duk da abin da ya faru.

"Bar mata," in ji Baba. "Kai ina kake zuwa?"

Bai faɗa don ya ci mini fuska ba, tambaya ce ta tsakani da Allah, shi ya sa ta fi zafi. Na janye hannuna.

Saboda gwiwar, da ta koma bariki ofis aka ba ta. Yanzu da gaske takardu take bugawa, ƙarƙashin rufi, har da fanka. Gurun yana rataye a ɗakinta, farkon rani ita da Dada suke shafa masa mai a tsakar gida kowa yana gani, ni ake aika sayen man. Har yau ban san ko yana da rai ba, ban kuma san ko zan yarda tawa 'yar ta bi sawunta ba. Kwanan baya wani baƙo a majalisa ya ce wa Baba ya ji 'yarsa sakatare ce a bariki. Baba ya ɓata rai, ya ajiye kofin shayinsa.

"Wa ya gaya maka? Soja ce."